Katin Cha'ibu da Hatsin Kawu

Cha'ibu ya dawo Tasawa daga Kano a bayan kamyo, babbar motar kaya, zaune a kan manyan akwatuna uku, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɗaga wa mutanen da ba su gaishe shi ba hannu. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, kuma daminar da ta gabace ta ba ta bar wa kowa abin kirki a rumbu ba. Kowa na tunanin abin da zai sa a tukunya, Cha'ibu kuwa yana tunanin yadda zai wayar wa garin kai. Ba yau ya fara ba. Shi ne ya taɓa kawo injin ƙanƙara a watan sanyi, shi ne kuma ya buɗe makarantar koyon tuƙi da motar da ba ta da birki. Duk lokacin da abin ya watse sai ya ce garin ne bai kai matsayinsa ba.

Wannan karon injinan wasa ya kawo: ɗaya na tseren mota mai sitiyari, ɗaya na harbi da bindigar roba, ɗaya na ƙwallo. Amma ba injinan ne abin taƙamarsa ba, katin ne. Wani ɗan farin katin roba, ana zuba masa kuɗi ta ordinata, wato kwamfuta, mutum ya kara shi a jikin ɗan akwati mai jan ido, idon ya koma kore, inji ya tashi. Ƙofar ma haka, sakatar kuran ce da ita, mai aiki da lantarki, ba ta buɗewa sai ta ga kati mai kuɗi a ciki. Sannan akwai baƙin kati guda ɗaya, uban katuna, wanda ke buɗe komai, wannan na Cha'ibu ne shi kaɗai.

Wurin da zai kafa su mangaza ce, ɗakin ajiyar kayan kawunsa mai suna Na Allah, manomi a Urafan. Kawu ya shigo gari ya tsaya yana kallon ana sauke akwatunan, bai ce sun yi kyau ba, bai ce ba su yi ba. Da aka gama ya ja Cha'ibu zuwa ƙofar ƙuryar mangazar, ya taɓa kwaɗon da ke jikinta.

"Gaba taka ce, ƙurya tawa ce," in ji Kawu. "Buhu takwas na ciki, irin shukar gidanmu ne duka. Na kawo shi nan don kada yunwa ta sa mu dake shi. Yara sun kwana ba su ci ba, ban taɓa shi ba. In ƙwaya guda ta ɓace, Cha'ibu, ka naɗe tabarmarka ka biyo ni Urafan. Hauyar ubanka na nan rataye."

"Haba Kawu, ƙofar ga ko ɓera sai da kati zai shiga."

"Ni dai na hwaɗa maka."

Duk duniya babu abin da Cha'ibu ke tsoro kamar hauya. Shekara goma sha ɗaya da ya gudo mata, kuma duk sana'ar da ya ƙirƙiro a gari don kada su sake haɗuwa ne.

Dare bai yi ba sai da matarsa Zara'u ta ji labarin sau huɗu. Tana tankaɗen garin masara, yana zagaye ta da baƙin katin a hannu.

"Wa zai ba da kuɗinshi ya tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina?" ta tambaya.

"Ke ba ki san sistem ba. A Kano layi ake."

"A Kano an ci an ƙoshi."

"Katin kyauta za ni ba da shi da farko. In ya shiga aljihun mutum, ƙaiƙayi zai dinga yi mashi har sai ya zo ya zuba kuɗi. Kuma ƙofar, shiga da kati, fita da kati. Ba mai sulalewa da bindigata."

"Fitar ma?"

"Fitar ma. Ni na ce a saita ta haka. Mai sayar da kayan ma bai yi tunanin ba."

Ranar kasuwa ya kira mai shela ya ba shi saƙo mai tsawo, rabinsa faransanci, da sistem da elektironik da modernizasyo. Mai shela dattijo ne, ya gyaɗa kai har ƙarshe, ya zubar da duk abin da bai gane ba, ya shiga kasuwa da abin da ya saura: kowa ya je mangaza ya rubuta suna ya karɓi kati, kyauta ne, kasuwa mai zuwa za a buɗe.

To a shekara irin wannan, in aka haɗa mangaza da rubuta suna da kati da kyauta, ko jariri ya san abin da ake nufi. Mutanen ƙasar sun sha gani: mai ƙulla wuya ya zo ya zauna a tebur da babban littafi, ya ba ka kati, bayan mako guda ka zo da buhunka a auna maka hatsin taimako. Kuma sun koyi ladabin abin. Ba a yi wa mai littafi tambaya da yawa, kada ransa ya ɓaci ya tsallake sunanka.

Washegari Cha'ibu ya fito da tebur da babban littafi, ya sa kwat, ya ƙulla wuya. Yana tsammanin samarin tasha da 'yan kabu-kabu, sai ya tarar da layi har bakin titi: tsofaffi, masu goyo, masu unguwanni da sandunansu, har da waɗanda suka kwano a amalanke daga wajen Mayahi. Bai tsaya mamaki ba, don a ganinsa abin da ya cancanta ne ya makara zuwa.

Wata tsohuwa mai suna Hindu, daga Kanan Bakashe, ta durƙusa a gaban teburin.

"Ranka shi daɗe, mu tara ne a gida."

"Kowa da katinshi, Inna. Ga tara."

"Allah shi ƙara girma. Ran nan da buhu za mu zo ko da ƙwarya?"

"Ki zo da abin da kinka ga dama. Nan ba a korar kowa."

"Mi za mu ce da kai?"

Cha'ibu ya gyara ƙullin wuyansa. "Direkta," ya ce.

Kafin azahar duk layin Direkta ake kira. A kwana uku kati ɗari biyar suka ƙare. Zara'u ta kawo masa abinci rana ta ukun, ta tsaya ta ƙare wa layin kallo.

"Ka tambayi kanka mi tsohuwa marar haƙori za ta yi da tseren mota?"

"Ci gaba ba ruwanshi da shekaru."

"Ka ga ko ɗaya ya leƙa injinan?"

"Kunya suke ji. Ke dai baƙin ciki ne ke damunki, an ce da mijinki Direkta ba a ce da ke komai ba."

Ta ajiye kwanon ta tafi.

Ranar buɗewa Cha'ibu ya yi sammako, ya kara baƙin kati, ƙofa ta buɗe, ya tokare ta da dutse ya shiga ya goge injinan da hannun rigarsa. Kuran ɗin gari bai zo ba tun asuba, injinan shiru suke, sakata da ɗan akwatinta kaɗai ke aiki da batir. Da ya fito sai ya ga filin ya cika maƙil, kowa na miƙo hannu zai gaisa da Direkta. Nan tsoro ya kama shi, kada a cikin hannuwan nan wani ya zare masa uban katuna.

A gindin itacen bedin da ke jikin mangazar akwai Ɗan Baba baduku, mai ɗinka layu da kube. Cha'ibu ya yi abin da kakansa zai yi da duk abin da bai son ya ɓata, ya miƙa masa katin.

"Rufe mani shi da jar fata, ka sa igiya in rataya a wuya. Ɗinki mai ƙarfi."

"Wane malami ya ba ka wanga?"

"Malamin ya fi ƙarfin saninka. Yi sauri."

Ɗan Baba mutum ne mai son aikinsa. Ya ga katin na zamewa a cikin fatar, sai ya bi gefensa da basilla, ya huda shi wuri goma sha biyu, ya ƙara ɗaya a tsakiya don kada ya motsa. Cha'ibu ya rataya abinsa a kan ƙullin wuya, ya yaba aikin.

Ana haka motar sojoji ta tsaya. Wani babbansu mai muƙamin Ajidan ya sauko, gajere mai faɗin ƙirji, da sojoji biyu a bayansa. A zamanin nan mutum goma ba sa taruwa sai da izini, ga shi an tara gari guda.

"Wa ke da taron ga?"

"Ni ne, mon ajidan. Direkta Cha'ibu."

"Ina otorizasyo?"

"Shigo dai ka gani da idonka. In ka gani, kai za ka rubuta mani ita da kanka."

Ajidan ya shiga. Jama'a suka ga an fara shiga suka turo gaba, Cha'ibu ya sa ƙafa ya ture dutsen, ƙofar ƙarfe ta rufe a bayansu, sakata ta faɗa. Ciki duhu ne, rufin kwano, watan bazara, ga taga ɗaya ƙarama can sama.

"Bon. Ina abin?"

Cha'ibu ya fara bayani tun daga Kano. Ajidan ya saurara minti biyar, zufa ta jiƙa masa kaki, ya ce a buɗe ƙofa ya sha iska. Cha'ibu ya duƙa ya kara layarsa a jikin akwatin. Ido ja. Ya juya ta. Ja. Ya goga ta a wando, ya hura mata iska, ya yi bisimilla ya kara. Idon bai ko ƙifta ba.

"Ba ta gane ni ba ne saboda zufa," ya ce.

"Buɗe ƙofa."

"Sistem ɗin tsaro ne ya yi yawa, mon ajidan. Wannan ma shaida ce."

Ya leƙa ta ramin ƙofa ya yi kira wani ya kara katinsa daga waje. Mutum sittin suka kara, har da Hindu da katunanta tara, ɗaya bayan ɗaya. Duk babu mai ko dala a ciki, kuma ba a zuba musu kuɗi sai da baƙin katin da ke wuyan Direkta da huji goma sha uku.

Daidai nan kuran ya ga damar dawowa. Injinan uku suka farka tare, kowanne yana tallar kansa. Na mota ya yi kuka, na ƙwallo ya busa usur, na harbi kuwa ya buɗe wuta ba ƙaƙƙautawa da iyakar ƙararsa, don Cha'ibu ya murɗa ta har ƙarshe saboda a ji daga tasha. Ajidan ya kwanta rub da ciki. A waje rabin jama'a suka watse, sojojin biyu suka ɗana bindigogi suka saita ƙofa, jakin wata amalanke ya tsinke ya bi ta kan rumfar mai shayi.

Wata mata ta riƙe hannun Zara'u. "Sai haƙuri, an harbe Direkta."

Zara'u ta kasa kunne. "Ba a harbe shi ba. Ga muryarshi nan yana bayani."

Ajidan ya tashi, kakinsa duk ƙura, ya fizge wayar injinan daga bango. Ya yi wa sojojinsa tsawa ta ramin ƙofa su nemo maƙeri. Sannan ya waiga ya ga ƙofar ƙurya.

"Wagga ina ta fita?"

"Ba ta fita ko'ina, mon ajidan. Ɗakin shirgi ne."

Ajidan bai saba a gaya masa inda ƙofa ba ta fita ba. Duka biyu ya yi wa kwaɗon da takalmi ya faɗi. Ga buhu takwas a jere a kan itace, ɗinke tsaf. Ya soka yatsa a ɗaya, hatsi ya zubo. Cha'ibu ya ga hauya a rataye kamar a gabansa take.

"To," in ji Ajidan, muryarsa ta yi sanyi. "Abu biyu ne. Ko dai kai mai ɓoye hatsi ne lokacin da jama'a ke yunwa, ka tara su kana yi masu wasa da hankali, yau ka kwana wajenmu kuma ban san ranar fitarka ba. Ko kuma rabon da mutanen waje ke ta faɗi gaskiya ne. Wanne ne?"

Sai a lokacin Cha'ibu ya gane abin da buhunan da ke hannun tsofaffi ke nufi. Da ya ce hatsin kawunsa ne, iri ne, wataƙila da an saurare shi. Amma faɗin haka na nufin ya yarda a gaban soja cewa shi ba kowa ba ne illa mai aron mangaza. Ta ramin ƙofa kuma yana jin mata na yi wa Direkta addu'a, irin addu'ar da ba a taɓa yi masa ba tun da aka haife shi.

"Rabo ne, mon ajidan," ya ce. "So na yi in ba ku mamaki."

"Injinan hwa?"

"Don masu jira kada su gaji."

Maƙeri ya zo ya cire ƙofar gaba ɗaya daga maratayinta, aka kwantar da ita a ƙasa da sakatarta da jan idonta. Ajidan ya fito ya hau kanta ya yi jawabi, ya ce ga irin 'yan ƙasar da sabuwar gwamnati ke nema. Aka yi guɗa. Aka aro tiya, kwanon awo, daga kasuwa. Ajidan ya kafa doka: kati ɗaya, rabin tiya, ba kati ba hatsi. Sojoji suka tsaya a baki suna karɓar katuna, aikin da akwatin ya kasa suka yi shi ba tare da batir ba.

Buhu na farko Cha'ibu ya auna shi kansa a sunkuye. A na biyu ya ɗago kai. Kafin na huɗu ya fara tsara awon, yana cewa a bi a hankali kowa zai samu, yana tambayar tsofaffi lafiyar gida. Hindu ta karɓi na mutum tara, ta ce Allah ya ba shi kujerar Makka. Ya ce amin, ya ƙara mata da hannu guda.

Labarin ya isa Urafan tun daren jiya, amma a hanya ya zubar da sunan wuri, abin da ya rage kawai shi ne ana rabon hatsi a Tasawa. Kawu Na Allah ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya taho da buhu, yana murnar ko yara za su samu na kwana biyu ba tare da an taɓa iri ba. Ya tarar da wutsiyar layi can wajen kasuwar dabbobi, ya shiga baya kamar kowa. Layin ya sha kwana, ya bi. Ya sake shan kwana ta wajen tasha, ya fara gane hanyar. A kwana ta uku ya hango bedin Ɗan Baba, ya daina amsa gaisuwa.

Da ya iso gaba, ƙofarsa na kwance a ƙasa, buhu bakwai a ninke gefe, ɗan 'yar'uwarsa na kwashe gindin na takwas da tiya, jar laya na lilo a wuyansa.

"Kati," in ji soja.

"Ba ni da shi."

"Ba kati ba hatsi. Matsa gefe, tsoho."

Kawu ya matsa. Ya duƙa ya tsinci ƙwayoyin da suka zube a ƙasa, ya baza su a tafinsa ya daɗe yana kallo. Irin da ubansa ya bar masa ne, zangarniya zangarniya ya zaɓe shi da hannunsa. Cha'ibu ya ɗago suka haɗa ido, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa tiyar.

"Ka san shi?" Ajidan ya tambaya.

"Kawuna ne, mon ajidan. Yana cikin masu ba ni goyon baya."

Ajidan ya dafa kafaɗar Kawu. "Ka yi sa'ar ɗa, tsoho. Da ku manya za ku yi koyi da shi, da ba a yi yunwa a ƙasar ga ba. Gaba in an ce a yi kati, ka yi."

"In Allah ya so," in ji Kawu.

Awon ƙarshe ya tafi buhun wani mai kati, sauran ɗaruruwan da ba su samu ba aka ce su riƙe katunansu sai zagaye na biyu. Motar sojoji ta tashi. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce da Zara'u ta miƙo tabarmar mijinta. Ita kuwa tun ana buhu na biyar ta naɗe ta.

La'asar ta same su a hanyar Urafan, Kawu na kora jaki, Cha'ibu na bayan amalanke da kwat ɗinsa. Gabas ta yi baƙi, hadarin farko na shekara na haɗuwa, gonaki hagu da dama mutane sun fito suna kallon sama. Da suka yi tafiya mai nisa, Cha'ibu ya kasa daurewa.

"Amma Kawu, ka ga jama'a dai. A Tasawa ba a taɓa tara irin ta ba."

Kawu ya taɓa jakin da sanda.

"Kawu, in ruwan ga ya sauka, mi za mu shuka?"

"Kai ne Direkta," in ji Kawu, bai waigo ba. "Ni hauya na yi maka alkawari. Ban yi maka alkawarin abin da za ka nome ba."